Sabar imel ta shiga bilaklis ko shara na ta dawowa: tambayoyin da ake yawan yi min da amsoshinsu

Na daɗe ina kula da sabar imel na ƙananan ofisoshi da makarantu a nan Zariya, daga Samaru har Sabon Gari da Tudun Wada, kuma tambayoyin nan kusan iri ɗaya ne kullum, sai dai mai yin su ya canza. Yawanci ranar Litinin da safe ake kira, oga ya tura takarda tun Juma'a ba ta isa ba, an taso yaron kwamfuta a gaba, shi kuma ya taso ni. To ga su nan na tara, wasu amsar gajera ce wasu kuma sai an yi haƙuri.

Wai mene ne bilaklis ɗin nan, waye yake riƙe da shi?

Ba guda ɗaya ba ne, kuma babu wata hukuma da ke riƙe da shi. Ƙungiyoyi ne da kamfanoni daban-daban kowa yake tara adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, da ya ga suna fitar da sifam, wato saƙonnin shara. Na farkonsu shi ne RBL da Paul Vixie ya fara a 1997, sai Spamhaus da Steve Linford ya kafa a 1998 wanda har yau shi ne babba, sai irin su SpamCop da Barracuda.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne lista ba ta tare saƙon kowa. Kamar dai 'yan kasuwar Sabon Gari ne su rinƙa gaya wa juna cewa wane fa ba ya biyan bashi, mai faɗa ya faɗa, amma kowane mai shago shi zai yanke ko ya ba shi kaya ko ya hana. Haka sabar da ka tura wa saƙo take tambayar lista ta hanyar DNS, tsarin da ake tambayar sunaye da adireshi a intanet, in aka ce mata kana ciki sai ta yanke hukuncinta. Don haka in saƙonka bai shiga ba, wanda ka tura wa ne ya ƙi, lista shaida kawai ta bayar.

Ta yaya zan tabbatar na shiga?

Ka fara karanta saƙon da ya dawo maka, har ƙasa. Wallahi rabin kiran da ake min da an karanta shi da ba a kira ba. Za ka ga lamba kamar 550 ko 554 5.7.1 sannan a rubuta sunan listar, sau da yawa har da mahaɗin da za ka bi. In masu ofis sun goge saƙon, duba log, fayil ɗin da sabar take rubuta duk abin da ta yi, /var/log/mail.log a Debian da Ubuntu ko /var/log/maillog a dangin Red Hat, ka nemi status=bounced.

In kana so ka tambayi listar da kanka, juya lambobin IP ɗin kake yi baya ya koma gaba. A ce naka 203.0.113.5 ne, sai ka buga dig 5.113.0.203.zen.spamhaus.org. Ba amsa, ba ka ciki. In amsa ta zo lambar ce za ta gaya maka laifinka: 127.0.0.2 SBL ne, 127.0.0.3 CSS, duka biyun sassan listar Spamhaus ne na masu fitar da sifam, 127.0.0.4 XBL wato ana zargin na'ura ta kamu da cuta, 127.0.0.10 ko 11 kuma PBL, bayaninsa yana tafe.

Akwai tarko ɗaya a nan. In ka ga 127.255.255.254 ba wai kana ciki ba ne, Spamhaus ne yake ce maka ka tambaye shi ta DNS na jama'a irin 8.8.8.8 kuma ba ya amsawa ta nan. Na ga wanda ya kwana yana neman fita daga listar da bai taɓa shiga ba saboda wannan lambar.

Na duba MXToolbox na ga ja guda biyu, na shiga uku ke nan?

Kwantar da hankali malam. MXToolbox shafi ne da yake duba maka listoci da yawa, ja na nufin kana ciki, kuma ba duka ake jin maganarsu ba. In jan na Spamhaus ne tashi tsaye yanzu, don manyan wurare da dama suna aiki da shi. Barracuda da SpamCop su ma a kula. Amma in wata lista ce da ba ka taɓa jin sunanta ba, kuma babu saƙo ko ɗaya da ya dawo da sunanta a ciki, ka duba log dai don ka tabbatar gida lafiya, sannan ka ci gaba da harkarka.

A cikin listocin, UCEPROTECT shi ya fi tayar wa mutane da hankali. Mataki uku gare shi, na ɗaya IP ɗinka ne kai kaɗai, na biyu unguwar da IP ɗin yake, na uku kuma duk kamfanin da ya ba ka layi ne gaba ɗaya. In a na biyu ko na uku kake, laifin maƙwabta ne ya shafe ka, babu abin da za ka gyara a sabarka da zai fitar da kai.

Na haɗa sabar a ofis da rawuta na layin waya, ana cewa ina PBL, me na yi?

Ba ka yi komai ba. PBL ba listar masu laifi ba ce, jerin adireshin da bai kamata su rinƙa tura imel kai tsaye ba ne, irin na gida da na waya da na rawutar da ake sa wa sim. IP ɗin da MTN ko Airtel ko Glo suke ba ka a layin data na kowa ne, yau kai gobe wani, sau da yawa ma mutane da yawa ne a bayan IP ɗaya a lokaci guda. Ba ka da ikon saita masa PTR, wato rajistar da ke nuna sunan sabar da ke kan IP ɗin, kuma ba za a iya shigo maka ta ƙofa ta 25 da sabobin imel suke magana da juna ta cikinta ba.

Hanya biyu ce. Ko ka karɓi tsayayyen IP na kasuwanci wanda kamfanin zai yarda ya saita maka PTR da sunan sabarka, in ya so sai ka nemi cirewa daga PBL da kanka a shafin Spamhaus, ko kuma ka kama VPS, wato sabar haya, a waje. In VPS ne ka tambaya kafin ka biya ko ƙofa ta 25 a buɗe take, don Google Cloud ya rufe ta, Amazon ma sai ka nemi izini, kuma ka duba IP ɗin da suka ba ka a listoci tun kafin ka ɗora komai a kai, kada ka gaji bashin wanda ya riga ka.

Ni fa ban taɓa tura sifam ba, ya aka yi na shiga?

Kai ba ka tura ba, sabarka ta tura. Mafi yawan abin da nake gani a nan shi ne an sace kalmar sirrin wani ma'aikaci. Saƙo ya zo masa wai akwatinsa ya cika ya danna nan ya sabunta, shi kuma bawan Allah ya danna ya rubuta komai. Akwai wata makaranta da nake duba wa sabar, da asuba na ga layin saƙonni ya cika maƙil, duk da sunan wani dattijo mai kula da kuɗi wanda a wata bai fi ya tura imel uku ba. Da na je na same shi na ce Baba an shiga akwatinka fa, ya ce ai shi ko waya bai taɓa ba tun jiya. Gaskiya ya faɗa, tun makon da ya wuce ya miƙa musu mabuɗin bai sani ba.

Na biyu shafin intanet da ke zaune a sabar ɗaya da imel, tsohon WordPress ko fom na tuntuɓa da aka bari ba kariya. Na uku kwamfutar wani a ofis ta kamu tana fita ta ƙofa ta 25 da IP ɗaya da sabar, shi ya sa nake cewa a rufe 25 a fayawol ga kowa sai sabar kaɗai, ma'aikata su yi amfani da 587 da kalmar sirri. Na huɗu shi ne wanda mutane ba sa zargi ko kaɗan, bakskata.

Don gano wanne ne, duba layin saƙonnin da ke jiran fita: postqueue -p in manhajar imel ɗin sabarka Postfix ce, exim -bp in Exim ce, wadda take zuwa da cPanel, manhajar kula da sabar. A Postfix ɗauki saƙo ɗaya ka buɗe da postcat -q, sannan ka nemi sasl_username a log ka ga sunan waye ya fi fitowa. In daga PHP ne, kunna mail.add_x_header zai rubuta maka sunan fayil ɗin da ya tura.

To mene ne bakskata kuma?

Nan ne gizo ke saƙar, bari in tsaya a kai. Mai sifam ba ya sa adireshinsa na gaskiya a matsayin mai aikawa, na wani yake ɗauka, a ce na wata baiwar Allah a Jamus da ba ta san da zaman Zariya ba. Sai ya turo wa sabarka saƙo zuwa sunan da babu shi, ko akwatin da ya cika, ko saƙo mai ɗauke da bairos. Sabarka ta ce to na karɓa, aka rufe layi, mai sifam ya kama gabansa. Bayan daƙiƙa biyu sai ta duba ta ga ashe babu mai wannan sunan, sai ta yi abin da aka koya mata na ladabi, ta rubuta saƙon ban haƙuri cewa ba a samu isarwa ba, ta tura wa adireshin da ke jiki. Wa zai karɓa? Matar nan ta Jamus, sau da yawa har da sharar a liƙe.

An ce ƙaiƙayi koma kan masheƙiya, amma a nan ƙaiƙayin kan mai wucewa yake sauka, kuma da hannunka aka watsa shi. A idon duniya IP ɗinka ne ya tura, ba na mai sifam ba. In aka yi rashin sa'a adireshin da aka ara tarko ne da masu lista suka ajiye don kama masu shara, shi ke nan ka shiga.

Alamarsa a layin saƙonni ba ta ɓuya. Za ka ga MAILER-DAEMON jere, a log kuma from=<> wato mai aikawa fanko, duk suna ƙoƙarin zuwa adireshin ƙasashen da ofishinku bai taɓa hulɗa da su ba.

Ya zan hana sabar tawa yin haka?

Ka ƙi tun a bakin ƙofa, kada ka karɓa sannan ka mayar. In mutum ya yi sallama a zaure yana neman wanda ba ya gidan, a nan ake ce masa babu shi, ba a karɓi saƙonsa a shiga ciki sannan a tura yaro ya mayar da shi gidan da ya ambata ba. A harshen SMTP da sabobin imel suke magana da shi, lokacin da ɗayan ya ce RCPT TO, wato ya ambaci wanda ya kawo wa saƙo, nan take za ka ce 550 5.1.1 babu wannan sunan, yana kan layi. In sabar kirki ce ita za ta sanar da mai ita, in mai sifam ne ya wuce, kai ba ka rubuta wa kowa komai ba.

A Postfix wannan yana nan tun asali matuƙar ba a lalata shi ba. Abin da nake yawan tararwa shi ne wani ya bar local_recipient_maps fanko don wata matsala ta dame shi ya ga haka a intanet, to ya kashe binciken ke nan. Mayar da shi. In Postfix ɗin yana gaba ne yana miƙa wa wata sabar a ciki, kamar Exchange ko Zimbra, to bai san sunayen ba sai ka gaya masa, ko ka cika relay_recipient_maps da jerin sunayen, ko ka sa reject_unverified_recipient ya rinƙa tambayar ta cikin kafin ya karɓa. Ita ma ta cikin dole ta kasance tana ƙin sunan da babu shi, in ba haka ba an yi ba a yi ba. A Exchange sai an kunna tace masu karɓa, RecipientValidationEnabled.

A cPanel je wurin adireshin da ake tura saƙon da ba shi da mai shi ka sa :fail: a wurin. Ka kuma kashe BoxTrapper, abin nan da yake mayar wa duk baƙo da saƙo cewa ya tabbatar shi mutum ne, bakskata ne tsantsa.

Sai matattarar sifam da bairos. In matattararka Amavis ce duba final_spam_destiny da final_virus_destiny, in ka ga D_BOUNCE to ga ɓarawon nan, mayar da shi D_DISCARD ka rinƙa ajiye su a keɓe. Mafi kyau ma tacewar ta faru tun ana kan layi, kamar yadda matattarar Rspamd take yi ta milter, hanyar da take duba saƙo kafin sabar ta karɓa, don a ƙi nan take.

Cikar akwati ma haka. Ofisoshinmu akwai akwatunan waɗanda suka bar aiki shekaru ba a rufe ba, sun cika, shara na ta zuwa musu tana komawa kan bayin Allah. Dovecot, manhajar da ke riƙe akwatuna, yana da quota-status da Postfix zai tambaya kafin ya karɓa. Ko dai kawai ka rufe akwatunan, wanda ya yi ritaya tun tuni me yake jira.

Saƙon ba na ofis, na tafi hutu, shi ma a sa ido. Ya rinƙa amsawa bayan an tace sifam, kuma kada ya amsa wa mai aikawa fanko.

Wuta na ɗaukewa a nan, ba dole in yi sabar ta biyu mai jiran gado ba?

Na san abin da ake ji, inbata ta mutu, janareta ba mai, sabar ta kwanta. Amma imel ba ya ɓacewa don ka yi awa shida a kashe. Sabar mai aikawa tana riƙe saƙon tana sake gwadawa, ƙa'idar RFC 5321 ta ce a yi ta gwadawa kwana 4 zuwa 5, Postfix ma kwana 5 yake riƙewa in ba a canza ba.

MX na biyu, wato sabar nan mai jiran gado, da bai san sunayen ma'aikatanka ba masana'antar bakskata ce. Yana karɓar komai, ya miƙa wa ta farko, ta ƙi, shi kuma ya rubuta ban haƙuri. Masu sifam sun san haka, da gangan suke tsallake ta farko su nufi ta biyu. In ba za ka iya ba shi jerin sunaye da matattara iri ɗaya da ta farko ba, cire shi, kuɗin ka ƙara batir.

Ni ne ake zubo wa, ɗaruruwan saƙon ba a isar ba na abin da ban tura ba. An yi min kutse ne?

Duba tukuna kafin ka yanke. Buɗe ɗaya ka gangara wurin da aka liƙo kan asalin saƙon, ka karanta layukan Received. In IP ɗin sabarka yana ciki to daga gidanka ya fita, canza kalmar sirri yanzu, ka kashe duk zaman da ke buɗe, ka duba ko an sa wata turawa ta ɓoye a akwatin. In babu shi, sunanka kawai aka ara, kamar a rubuta adireshinka a bayan ambulan a jefa a gidan waya na wani gari.

Ba za ka iya hana aro ba, amma za ka rage masa riba. Sa SPF, wato jerin sabobin da ka yarda su tura imel da sunanka, mai ƙarewa da -all bayan ka tabbatar ka lissafa duk inda kuke turawa, ka tuna binciken DNS a cikinsa kada ya wuce 10 in ba haka ba ya lalace gaba ɗaya. Sa DKIM, wato sa hannun sabarka a kan kowane saƙo. Sa DMARC, wanda yake gaya wa masu karɓa abin da za su yi da saƙon da ya faɗi gwajin waɗannan biyun, ka fara da p=none kana karanta rahoto, bayan 'yan makonni ka matsa quarantine sannan reject. Sabar kirki za su rinƙa ƙin na jabun tun a ƙofa, ragowar marasa gyara ne za su ci gaba da damunka. Akwai kuma BATV, wanda yake sa wa adireshin fita tambari mai farawa da prvs=, duk ban haƙurin da ya dawo ba tambari ka san na ƙarya ne, Exim yana iya yinsa. Masu Postfix su karanta BACKSCATTER_README da yake zuwa da shi. Yawanci guguwar kwana kaɗan take yi ta wuce, su koma kan wani.

Me zai hana in toshe duk saƙon da mai aikawarsa fanko ne in huta?

A'a. Ta nan ne ban haƙuri na gaskiya yake zuwa. Ranar da oga ya yi kuskuren harafi ɗaya a adireshin wanda ya tura wa takardar kwangila, ba zai taɓa sani ba, yana nan yana jiran amsa, kuma kai za a tambaya. Abin da za ka iya shi ne ka ƙi shi ga akwatunan da ba sa tura komai, ko kuma na ɗan lokaci ga mutum ɗaya da guguwar ta taso wa.

Na shiga ips.backscatterer.org, sun ce in biya a cire ni da wuri. In biya?

Ni dai ba na ba da shawarar haka. Listar tana cire mutum da kanta bayan mako 4 in bai sake ba, UCEPROTECT mataki na ɗaya kuma kwana 7. In ba ka gyara ba ka biya, gobe ka koma, in kuma ka gyara jira kawai ya rage. Su kansu masu listar sun ce a yi amfani da ita ne kan saƙon mai aikawa fanko da na postmaster kaɗai, don haka imel ɗinka na yau da kullum bai kamata ya taɓu ba a wurin wanda ya saita ta daidai.

Abu ɗaya da za ka duba: listar tana kama masu bugawa sabar wasu don tabbatar da mai aikawa, wato reject_unverified_sender a Postfix ko callout na mai aikawa a Exim. In ka kunna shi ga kowa da kowa, kashe.

Spamhaus kuwa ba ya karɓar ko sisi. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi yana da hanya a can, ɗan damfara ne.

To ya ake fita?

Ba a shara ana zubar da ƙasa. Toshe ɓarakar tukuna, canza kalmar sirri, gyara shafin, rufe ƙofar. Sannan share layi, postsuper -d ALL yana kwashe komai har da na kirki, saboda haka in akwai saƙon mutane a ciki ka tsayar da su da postsuper -h ka zaɓi na sharar kaɗai ka goge, ban da ALL. Ka zauna ka kalli log na 'yan awanni ka ga ya yi tsit. Sai a lokacin za ka je check.spamhaus.org ka sa IP ɗin ka bi abin da suka ce. XBL da PBL kana iya nema da kanka, SBL kuwa mai layin ne, wato kamfanin da ya ba ka IP, zai yi magana da su. SpamCop ba a roƙonsa, yana sauke ka kamar bayan awa 24 in ƙorafi ya tsaya. Barracuda fom ne.

In an ba ka wurin rubutu ka faɗi gaskiya a taƙaice, ga abin da ya faru, ga abin da na gyara, ga lokacin. Ban da dogon roƙo, ban da faɗa, ban da rantsuwar cewa ba ku taɓa ba alhali suna riƙe da samfurin saƙon. Wanda ya cire kansa sau biyu sau uku yana komawa, daga baya sai a hana shi cirewar.

Ba na kowace lista amma Gmail da Outlook suna ƙi ko suna jefa ni a sifam

Su manyan nan da nasu ma'aunin suke aiki. Daga Fabrairu 2024 Google da Yahoo suka tsaurara, a Gmail kowa sai yana da SPF ko DKIM, da PTR mai dacewa da sunan sabar, da TLS mai ɓoye saƙo a hanya. Mai tura 5,000 a rana zuwa Gmail sai ya haɗa duka biyun da DMARC da hanyar ficewa da dannawa ɗaya, kuma ƙorafin mutane kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Microsoft ya bi sahu a Mayu 2025. In ka ga 5.7.26 daga Gmail maganar SPF da DKIM ce, 5.7.25 kuma PTR. Wani lokaci sabar ce take fita ta IPv6 ba ka sani ba kuma can babu PTR, ko ka gyara ko ka sa inet_protocols = ipv4.

Yi rajista da Google Postmaster Tools da SNDS na Microsoft. In Office 365 ne ya toshe ka, sender.office.com ne wurin neman cirewa.

Makarantu ku ji wannan da kyau, lokacin ɗaukar ɗalibai kada a kwashi dubban adireshi a watsa musu sanarwa daga sabar da shugaban makaranta yake amfani da ita. A raba hanya.

Ma'aikatanmu duk suna tura imel ɗin ofis zuwa Gmail ɗinsu, akwai matsala?

Akwai, babba ma. Duk sharar da ta shigo kai ne kake miƙa wa Google da IP ɗinka, SPF na mai aikawa na asali ya karye a hanya, in Google ya ƙi kuma sabarka ta riga ta karɓa sai ta rubuta ban haƙuri zuwa adireshin jabu, ka ga bakskata ta ƙofar baya ke nan. In dole ne, tace sosai kafin turawa ka sa SRS mai sake rubuta adireshin mai aikawa don kada SPF ya karye, postsrsd yana yi. Ni na fi so in zauna da mutum minti biyar in sa masa akwatin ofis a manhajar wayarsa ta IMAP, ya rinƙa karantawa kai tsaye daga sabar.

In canza IP kawai mana?

In ɓarakar tana nan sabon ma kwana biyu zai yi. Kuma sabon IP ba shi da tarihi, manyan ba su san shi ba, sai ka fara turawa kaɗan-kaɗan kafin su saki jiki. Inda canji yake da ma'ana shi ne in unguwar ce gaba ɗaya ta lalace kuma kamfanin ba ya ɗaukar mataki, to nan kam tashi ake.

Ni ma ina so in yi amfani da listocin a sabar tawa, wanne zan sa?

zen.spamhaus.org ya isa farawa, amma ka girka DNS naka a sabar kamar Unbound saboda maganar 8.8.8.8 da na yi a sama, kuma ka rubuta lambobin da za ka yarda da su, zen.spamhaus.org=127.0.0.[2..11], in ba haka ba ranar da aka amsa maka da lambar kuskure sabarka za ta ƙi duk duniya. Amfanin kyauta na masu ƙaramin aiki ne, mai yawa sai ya yi rajista. Sauran listocin ka ba su maki a postscreen_dnsbl_sites, kada guda ɗaya ta yanke hukunci ita kaɗai.

Ka kuma duba tsohon saitin da ka gada. SORBS ya rufe tun Yuni 2024 amma har yanzu ina tarar da shi a main.cf, fayil ɗin saitin Postfix, na mutane, lista matacciya kuma wata rana tana iya amsa wa kowa da e. Gwajin mai sauƙi ne, lista mai rai dole ta ce 127.0.0.2 yana ciki, 127.0.0.1 kuma ba ya ciki. In ta amsa saɓanin haka goge layin, ka yi postfix reload.